Ciki wata biyar amma maigida ya ce awo sau ɗaya ya isa

Maman_Hanifa: Salam ƴan uwa don Allah ku bani shawara. Cikina ya shiga wata biyar, sau ɗaya tal naje awo, maigida ya ce tunda an yi sikanin an ce komai lafiya to me zan koma yi, ga yara biyu ƙanana ba mai riƙe min su kuma layin awo kun san yadda yake. Ni dai hankalina bai kwanta ba wlh, ƙafata ta fara kumbura.

Nas_Bilki: Wslm, ƴar uwa kar ki bari kumburin nan ya wuce ba a duba ba. Wani kumburin na ciki ne kawai, amma in ya haɗu da ciwon kai ko ganin dishi-dishi ko fuska ta kumbura to alamar hawan jinin masu ciki ne, shi ke kaiwa ga jijjiga, kuma yawanci bayan sati 20 yake bayyana, wato daidai inda kike yanzu. Sikanin baya nuna wannan, sai an auna jini an gwada fitsari. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta maida awo sau 8 maimakon 4, kuma mafi yawansu a ƙarshen ciki suke. Kin ma karɓi allurar tetanus da maganin ƙarin jini kuwa?

Abu_Sadiq: Ni namiji ne bari in faɗa mana gaskiya, da yawanmu gani muke in mun bada kuɗin mota shikenan mun gama. Ki lallaɓa shi ya raka ki sau ɗaya ya shiga ya ji da kunnensa daga bakin nas, maganar da ke zaki yi wata kina yi a minti biyar za ta shige shi. In kunyar zama cikin mata yake to ya tsaya gida da yaran, ai nasa ne.

Hajiya_Uwa: Ƴata ki sa uwarsa a maganar, ki kai mata katin awon ta ga ranar da aka rubuta miki. In ita ta ce a je, ba musu.

Maman_Hanifa: Nagode sosai Allah ya saka. Anti Bilki allurar ɗaya aka min, maganin kuma ya ƙare tun wancan satin. Gobe insha Allah zan je, ƙanwarsa ta yarda ta zauna da yaran.

Nas_Bilki: Yawwa. Ki fara faɗa musu maganar ƙafar kafin komai, kuma in ciwon kai ya taso cikin dare kar ki jira goben.