OpenVPN ya ƙi tashi a saba, don Allah a taimaka

Salamu alaikum 'yan uwa, masana Linux ku kawo ɗauki, kwana uku ke nan ina fama da abu ɗaya. Na karɓi hayar wata ƙaramar saba mai Ubuntu 22.04, na saka OpenVPN (manhajar haɗa VPN), fayil ɗin saiti client.conf yana cikin /etc/openvpn/client/ yadda ya kamata, amma ina buga systemctl start openvpn-client@client sai ya yi kamar zai tashi, can kuma ya mutu. Da na leƙa journalctl, inda ake ganin rahoton abin da ya faru, sai ga shi: Cannot open TUN/TAP dev /dev/net/tun: No such file or directory.

Na gwada modprobe tun don in loda TUN, wato ƙofar sadarwar da OpenVPN ke buƙata, wai bai ga abin ba. Na ce bari in ƙirƙiri /dev/net/tun ɗin da kaina da umarnin mknod, shi ma ya ce Operation not permitted, alhali root nake fa, mai cikakken iko a sabar! Abin haushi client.conf ɗin nan lafiya lau yake aiki a laftof ɗina, kun ga ba satifiket ba ne.

Ina zargin sabar kwantena ce irin LXC, wadda ke dogara da tsarin babbar sabar masu ita, ba KVM mai tsarin kanta ba. In haka ne akwai wata dabara daga ciki, ko dole sai masu sabar sun buɗe min TUN? Tun jiya na tura musu saƙo, shiru kake ji.