Kwando ko raga: wanne zan ɗaura wa kwale-kwalena don kwasar roba?

Ɗan Kwalkwalawa: Salamu alaikum. Ina sana'ar su a gulbin Rima, kusa da gada. Tun da damina ta kama, in na jefa birgi, ledar fiya wata da robobin lemo sun fi kifi yawa. Ina so in riƙa kwashewa ina kai ma 'yan jari bola. Kwandon waya zan sa a yi mini a gefe, ko tsohuwar raga zan ɗaura da gora biyu a goshi? Kwale-kwalen ƙarami ne, ba inji, filafili nake tuƙawa.

Abu Yazid: Ka kula da farfela, leda na naɗe ta.

Ɗan Kwalkwalawa: Malam, na ce ba inji.

Basarken Goronyo: Yaro, ji ta bakin wanda ya taɓa. Na ja raga bayan jirgi a dam. Roba kaɗan, sauran duk kainuwa da itace, ga laka. Nauyi ya karkatar da jirgin har ruwa ya fara shiga, dole na sa wuƙa na yanke igiya, raga ta tafi. Abin da na tsira da shi buhu uku. Mai sikeli ya daddanna da ƙafa ya ce jiƙaƙƙe ne, ya zabge rabi. Ledar kuwa ya ce sai na wanke na shanya. Kuɗin ko raga bai mayar ba. Iyali suka yi ta dariya, wai Basarke ya koma kamun leda.

Maman Hanan: Baba, cutarka aka yi. Kilo ɗaya naira 300 muke sayarwa.

Abu Yazid: 150 dai. A ina ake 300?

Maman Hanan: Kuma roba mai murfi ba a kai ta sikeli. Masu zoɓo da kunun aya ɗaiɗai suke saye.

Malamin Jami'a: Don Allah kada robar kogi ta koma ga abin sha. Amma aikin na da amfani. Rima na haɗuwa da gulbin Sakkwato su zuba a kogin Neja, Neja kuma a tekun Atlantika, ledar Sakkwato na iya kaiwa can. Kwando ya fi, don raga mai ƙananan ido na kwashe 'ya'yan kifi.

Basarken Goronyo: Malam, ka taɓa riƙe filafili?

Malamin Jami'a: Kullum ina ƙetare gadar nan.

Na-Allah: A mota! To ni ma matuƙin jirgin sama ne, kullum yana wucewa ta kan gidanmu.

Maman Hanan: Ku dai kuna kwasa muna zubawa. Unguwarmu da hadari ya taso, kowace ta turo almajiri ya juye shara a kwalbati, wai ruwa ya tafi da ita. Bara har ɗaki ruwa ya iske mu, katifa biyu na jefar.

Abu Yazid: To ina za a kai? Motar shara rabonmu da ita tun kafin azumi. Ƙasar Ruwanda tun 2008 ta hana leda.

Na-Allah: A hana fiya wata a zafin Sakkwato? Mi za mu sha?

Ɗan Kwalkwalawa: Jama'a, kwando ko raga?

Maman Hanan: Abu Yazid, ku ma kwalbatin naku ya toshe ne?