Yadda Za a Adana Tarihin Ajin da Ya Gama Sakandare Lokacin Yaƙi

Wata tattaunawa ce ta taso kan yadda za a adana tarihin ɗaliban ƙananan garuruwa da suka kammala sakandare ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu. A Amurka an mayar da shekarun ɗaukar soja dole zuwa 18 a Nuwamban 1942, don haka samari da yawa daga aji sai sansanin horo.

Shawarar da kowa ya nanata ita ce a hanzarta. 'Yan ajin 1944 da suka rage sun doshi shekara ɗari. A naɗi muryarsu, ko da waya ce.

Kada a fara da tambayar fagen daga, in ji wasu. A tambayi tsoho wa yake zama kusa da shi a aji, wane malami ya fi tsoro, sauran zai biyo baya da kansa. Wanda ya yi shiru a ƙyale shi. Wannan ta fi kwanta mini a rai, domin wani ciwon bai warke ba har yau.

An kuma ce a rubuta sunaye a bayan hoton aji, a kwafi wasiƙu, a nemi matan ajin, waɗanda su ne suka riƙa jin labarin rasuwar abokan karatunsu ɗaya bayan ɗaya.