Yanke kofaton ƙaramin doki: in yi da kaina ko in ci gaba da jiran mai gyara?

Malam Sani, daga Teksas:

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da na sayi wata 'yar goɗiya irin ƙananan dawakin nan da ake kiwo a Amurka, waɗanda babbar ƙungiyar masu kiwonsu ba ta yi musu rajista idan tsayinsu ya wuce inci 34, wato kusan santimita 86. Na saye ta ne saboda yarana, domin ni a gidan dawaki na tashi a Haɗeja, kuma ban so su girma ba su san ƙamshin barga ba. Damuwata ita ce kofato. Mai gyaran da nake kira yana da nisa da mu, kuma da yake dabba ɗaya ce tak, sau biyu ke nan yana ɗage ranar zuwa, har ta kai wata uku ba a taɓa ƙafarta ba. Jiya na durƙusa na duba, sai na ga bakin kofaton gaba ya yi tsawo ya fara bajewa, gefe ɗaya ya ɗan tsage, kuma tana yawan tuntuɓe. Shin in sayi kayan aiki in koyi yankewa da kaina, ko kuwa ganganci ne?

Alhaji Garba, daga Katsina:

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ban taɓa riƙe irin wannan doki naka ba, amma na fi shekara talatin ina kiwon dawakin hawa, kuma kofato duk ɗaya ne, ko na ingarma ko na ƙuru. Dokin da ake hawa kullum a kan ƙasa mai tauri shi yake cinye kofatonsa da kansa, wanda aka ɗaure a turke ana zuba masa harawa da dusa kuwa shi ne nasa yake tohowa har ya lanƙwashe. Taka ba ta aikin komai, saboda haka dole a riƙa yi mata da hannu.

Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne wuƙa. Wata shekara, kwana biyu kafin hawan sallah, wani yaron bargata ya ga kofaton akawalina ya yi tsawo, sai ya ɗauki wuƙa ya shiga fere tafin ba tare da ya tambayi kowa ba. Da na zo na tarar da ɗigon jini a ƙasa, dokin ya ɗage ƙafar yana rawar jiki, ya ƙi taka ta. Bai yi hawan ba, kuma ya fi mako uku yana ɗingishi. Yaron ba mugunta ya yi ba, bai san inda mataccen kofato ya ƙare mai rai ya fara ba ne kawai. Idan ka matsu, ka tsaya a kan magagari, domin shi kaɗan-kaɗan yake ci, kuma yana ba mutum damar ajiye ƙafar ya sake dubawa.

Dakta Hadiza, likitar dabbobi, daga Zariya:

Maganar Alhaji gaskiya ce, sai dai ina so Malam Sani ya dakata da magagarin ma tukuna, har sai an tabbatar da abin da ya sa take tuntuɓe. Kofaton doki yana tohowa kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata, kuma yana ɗaukar wata 9 zuwa 12 kafin ya sabunta daga sama har ƙasa, shi ya sa aka saba gyara shi duk mako 6 zuwa 8. Wata uku ba tare da gyara ba zai iya kawo tsawon da ka gani, amma akwai wani abu da ya fi damuna.

Waɗannan ƙananan dawaki suna da saurin ƙiba, musamman idan suna kiwo a ɗanyar ciyawa mai yawan sukari ko ana ba su hatsi, kuma ƙibar tana jawo ciwon da muke kira laminaitis, wato kumburin naman da yake manne bangon kofato da ƙashin da ke cikinsa. Idan ya yi tsanani ƙashin yana juyawa ya danno tafin kofato, ta yadda wanda ya yanke bisa abin da idonsa ya gani daga waje zai iya rage abin da ya rage yana kare ƙashin. Ka taɓa kofatan da safe ka ji ko suna da zafi, ka sa yatsa a bayan idon sawu ka ji ko jijiya tana bugawa da ƙarfi, ka duba ko akwai zobba-zobba a jikin kofaton waɗanda suka fi faɗi ta wajen dunduniya, sannan ka lura ko tana miƙa ƙafafun gaba tana jingina nauyinta baya. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, likita za ka kira ya ɗauki hoton ƙashi, mai gyara ya yi aiki da hoton. Kuma ko da ta yi ƙiba, kada ka yanke mata abinci farat ɗaya, domin yunwa tana sa kitse ya cika jinin irin waɗannan dawaki ya lalata hanta. Ka tabbatar kuma allurar tetanus ɗinta ba ta wuce lokaci ba, tunda akwai tsagewa.

Malam Ibrahim, daga Ingila:

Ni ina gyara na ƙuruna biyu da kaina, saboda haka ba zan ce maka abin ya fi ƙarfinka ba. A nan dokar 1975 ta hana wanda ba shi da rajista ya sa wa doki takalmin ƙarfe, amma ba ta hana mai doki ya rage kofaton da ba za a sa wa takalmi ba, kuma ƙananan dawaki da wuya ake sa musu takalmi. Sai dai ban fara ba sai da na biya mai gyaran kuɗin lokacinsa, ya tsaya a kaina sau da dama ina yi yana gyara mini hannu. Yanzu duk mako biyu ina goge abin da ya toho in zagaye bakin kofaton, shi kuma yana zuwa duk wata uku ya duba.

Wannan dubawar tasa ita ce ba zan taɓa bari ba. A shekarar farko ina ganin aikina ya yi kyau, sai ya tsayar da ɗaya a kan siminti ya nuna mini cewa gefe ɗaya na kowane kofato ya fi ɗayan gajarta, saboda hannun dama nake amfani da shi, yana cin ɓangare guda fiye da ɗayan. Bambancin bai fi kaurin tsabar kuɗi biyu ba, amma a ƙafar da ba ta cika tafin hannu ba ya isa ya karkatar da gaɓa. Ka kuma nemi 'yar kujera ka zauna ƙasa-ƙasa, kada ka ɗaga ƙafarta sama ko ka ja ta gefe kamar ta babban doki, domin yawancin gardamar da suke yi daga nan take tasowa. Game da nisa kuwa, ka nemi maƙwabta masu dawaki ko jakuna ku haɗa rana ɗaya, zai fi zuwa a kan lokaci.

Malam Sani, daga Teksas:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Dakta, yau da asuba na bi abin da kika faɗa ɗaya bayan ɗaya. Kofatan ba su da zafi, kuma tsayuwarta daidai take, amma na ga zobba biyu a na gaba, sannan doron wuyanta ya yi kauri da tauri fiye da yadda na san shi bara. Na fitar da ita daga filin ciyawa na mayar da ita kan busasshiya, likita kuma zai zo ranar Alhamis. Na yi magana da wani maƙwabcina mai jakuna biyu, ya amince mu haɗa rana. Malam Ibrahim, wane irin magagari kake amfani da shi, cikakken nan na manyan dawaki ko akwai gajere da ya fi dacewa da ƙaramar ƙafa?