Idan an cire sunanka daga fansho ba a ji ta bakinka ba

Bayan sallar la'asar a wata majalisar tsofaffin ma'aikata a Mabera, Sakkwato, hira ta karkata kan masu wayar gari su ga fansho ya tsaya bayan tantancewa, babu takarda, babu bayani. Ga abin da aka fi yarda da shi.

Wani tsohon magatakardan kotu ya ce a fara da neman dalili a rubuce. Maganar baki a bakin ofis iska ce. Ka rubuta wasiƙa, ka yi kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka, ka adana shi tare da takardar ɗaukar aiki, ta ritaya, da bayanan asusun banki na watan ƙarshe da aka biya ka. A ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace nauyi, don da yawa sun yi asara ne saboda rashin shaidar sun taɓa kai kuka.

Doka na bayanka. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, sashe na 210 kuma ya hana riƙe fanshon ma'aikacin jiha sai yadda doka ta yarda.

In ofis ya yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, kyauta take aiki, amma kada a bari shekara ta zagayo kafin a kai mata kuka. Shari'ar fansho kuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke jin ta. Wani dattijo ya ƙara da cewa, “Malam, kada ka ba ɗan tsakani ko sisi.”