Wasan ɗafe: sunan da na tsaya a kai, da dalilina

Salamu alaikum jama'a. Mako biyu ke nan da na kawo muku cigiya: wane suna za mu ba wasan nan da masu Turanci ke kira bouldering, Faransawa kuma su ce bloc? Na karanta duk abin da kuka rubuto, na kwana na tashi da shi. Ga inda na tsaya. Zaren zai yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

Abin da ya tayar da maganar tun farko shi ne wayar da na yi da Yaya. Ina karatu a Faransa, shekara uku ina zuwa zauren wannan wasa, watan jiya kuma na shiga wata ƙaramar gasa. Na ce masa na shiga gasar hawan dutse. Sai ya tambaye ni kwana nawa muka yi a hanya, kuma yaya sanyin can sama. Alhali bangon da na hau bai wuce mita 4.5 ba, a cikin ɗaki yake, ƙasansa shimfiɗe da katifa mai kauri. Ba laifin Yaya ba ne. Kalmar da na ba shi ce ta kai shi wani wuri daban.

Ga wanda bai taɓa gani ba: bango ne na katako, wani a miƙe, wani ya ɗan kwanta, wani ya rufo kan mutum kamar rumfa. An ɗaɗɗaure masa guntayen roba mai tauri masu launi iri-iri. Babu igiya. Za ka fara daga inda aka yi alama, hannu biyu da ƙafa biyu kowanne a wurinsa, ka bi har na ƙarshe, ka riƙe shi da hannu biyu cikin natsuwa har alƙali ya gamsu. Motsin sau da yawa bai kai goma ba, amma kowanne na iya cinye maka mako guda kana gwadawa. Asalinsa a waje ne, kan duwatsu na gaske, kuma dajin Fontainebleau da ke kudu da Paris shi ne wurin da aka fi dangantawa da shi.

To, hawan dutse ya faɗi tun a wayar Yaya. Shi ne sunan da muke ba wanda ya hau Kufena ko Kwatarkwashi, shi ne kuma za mu ba mai hawa Kilimanjaro. Ya yi faɗi.

Da yawanku kun ce hawan bango, kuma shi ne ya fi ba ni wahalar ƙi, domin a fili yake, yaro ma zai gane. Matsalarsa guda ce: wasannin bango uku ne. Akwai na igiya, inda bangon ke kai mita 15 ko fiye, a ga wanda zai fi nisa. Akwai na tsere, mutum biyu a jere kan bango mai mita 15, a ga wanda zai riga taɓa sama. Sannan namu. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021 an haɗa ukun a lambar yabo ɗaya. A Paris a 2024 an ware na tsere. A Los Angeles a 2028 kowanne da lambarsa. Mai karanta labarin wasanni a rediyo zai buƙaci suna uku a ranar. Saboda haka hawan bango ya zama sunan gidan gaba ɗaya, ƙarƙashinsa hawan igiya da hawan tsere, sai na ukun da muke nema.

Haura katanga kuwa, kowa ya san wanda ake faɗa wa haka a unguwa. Ba zan so a kira 'yar wani da shi ba.

Wani ɗan uwa daga Damagaram ya ce mu ari kalmar kawai, mu ce bulok kamar yadda yake ji a tashoshin Faransa, wasu kuma daga Najeriya suka ce boldarin. Ba ni da ƙyamar aro, ai kwamfuta da intanet sun zauna lafiya. Amma ku duba abin da ya faru nan take: Nijar ta ɗauki ɗaya, Najeriya ta ɗauki ɗaya, mun rabu gida biyu tun wasan bai iso ba. Bulok kuma a kunnen Bahaushe bulo ne na gini.

Malamin Hausa da ya yi doguwar amsa ya ce a koma ga ma'anar asali, wato gundumemen dutse mulmulalle irin na garin Dutse, ko na Riyom, ko waɗanda ke cikin Damagaram. Allah ya gafarta Malam, na amfana da bayanin ƙwarai, kuma gaskiya ne wannan shi ne dutsen da kalmar ke nufi. Sai dai duk yadda na juya, hawan gundumemen dutse ya fi ƙarfin bakin mai sharhi, kuma gasar da muke magana a kanta babu dutse ko ɗaya a cikinta. Shi ya sa na bar abin da ake hawa, na koma kan abin da jiki ke yi.

Abin da jiki ke yi shi ne ɗafewa. Ƙadangare ya ɗafe bango. Yaro ya ɗafe bayan mota. Wanda ya ɗafe, ba igiya ce ta riƙe shi ba, ba tsani ba, yatsunsa ne da tafin ƙafarsa da yadda ya manna jikinsa, kuma kowa ya san in ya saki ƙasa zai yi. Duk wannan yana cikin kalma mai gaɓa biyu. Sai mu ce wasan ɗafe, ɗan ɗafe, 'yar ɗafe, 'yan ɗafe, gasar ɗafe, zauren ɗafe. Ya hau layi ɗaya da ɗan dambe da ɗan kokawa da ɗan langa ba tare da an tura shi ba.

Na ga ƙorafin cewa masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya, zai koma dafe. Na yi tunaninsa. Ko an rubuta haka, dafe ma hannu ne a kan abu, ba a yi nisa da gida ba.

Suna ɗaya ba ya isa a ba da labarin gasa, don haka ga sauran, kuma a nan ne nake so ku fi sa ido.

Kowace hanya da aka tsara a bango, Turawa suna kiranta da kalmar da fassararta ita ce matsala. Ban so ta ba. Matsala abu ne da ya same ka ba ka so. Wannan kuwa wasu gwanaye ne suka zauna suka shirya shi da gangan don a kwance. Ƙulli ke nan. Masu tsarawa su ne masu ƙulli, ɗan wasa kuma ya warware. Ina son wannan kalma fiye da duk sauran, domin ta faɗi gaskiyar wasan: ƙarfi kaɗai ba ya kwance ƙulli, wani lokaci ma ƙara ɗaure shi yake.

Abin da ake kamawa a bango, makama. Ba ni na ƙirƙira ba, tana nan tun kakanni, har muna cewa wane ya san makamar aiki. Wata makamar siririya ce, gaɓar yatsa ɗaya kawai take ɗauka. Wata mulmulalliya ce, babu baki, sai ka shimfiɗa tafin hannu ka sauke nauyinka ƙarƙashinta. Wata sai an matse ta da babban yatsa. Garin da ake shafawa a hannu don gumi, alli ya ishe shi, ko da yake ba irin na allon makaranta ba ne. Ba'amurke John Gill ne ya shigo da shi cikin wasan a shekarun 1950, daga wurin masu wasan motsa jiki.

A tsakiyar kowane ƙulli akwai makama mai alama wadda in ka riƙe ta za a ba ka wani abu ko ba ka kai ƙarshe ba. Wannan zango ce. Matafiyi bai isa gari ba, amma ya sauke kaya a inda ake lissafawa. Makamar ƙarshe kuma ƙololuwa. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, ƙololuwa maki 25 ce, zango biyu ne, na ƙasa 5 na sama 10, kuma duk yunƙurin da ya faɗi kafin ka samu ana cire 0.1. Ƙulli huɗu, maki 100.

Wannan 0.1 ɗin shi ya sa wanda ya warware a yunƙurin farko yake da daraja ta daban. Shi na kira tashi ɗaya. Kuma tashi ɗaya ba a bango ake samunsa ba, a ƙasa ake samunsa, kafin a taɓa komai.

A manyan gasa, kafin a fara ana killace 'yan wasa a wani ɗaki, babu waya, babu leƙe, don kada wani ya ga yadda wani ya yi. Ɗakin killace ya isa suna. A zagayen ƙarshe ana fito da su su duba kowane ƙulli na minti 2, sannan kowa ya samu minti 4 a kansa. In kun kalli bidiyon za ku gan su tsaye suna ta motsa hannu a iska kamar masu magana da kurma. Karatun bango suke yi: wane hannu zai fara, ina ƙafa za ta zauna, ina ne tsaka mai wuya, allin da masu ƙulli suka bari a kan wace makama yake. Dabarar da ke kwance ƙulli, wadda suke kira beta, na so mu ce laƙani. Wata 'yar uwa ta ce laƙani ya yi kama da na malaman tsibbu. Hajiya, na ji, amma ai muna cewa wance ta san laƙanin tuwon shinkafa, ba wanda ya kawo tsibbu a ransa. Wanda bai gamsu ba ya ce dabara, ba za mu yi faɗa ba.

A nan na yi kuskure a tawa gasar, kuma zan faɗe shi don mai niyyar shiga. Irin ƙananan gasar nan ba a killacewa. Ana ba ku ƙulli masu yawa da 'yan sa'o'i da takardar maki, kowa na kallon kowa. Na je da ɗoki, ban ɗumama jiki sosai ba, na nufi wani mai wuya domin na ga taro a gabansa. Na faɗo, na koma nan take, na sake faɗowa, na sake komawa. Kafin rabin lokaci damatsana sun cika sun yi tauri, fatar yatsuna ta yi ja, ƙullin da nake warwarewa cikin sauƙi a ranar horo suka gagare ni. Ya ci mini rai ƙwarai, domin ba ƙarfi na rasa ba, tsari na rasa. Abin da ya kamata: rabin sa'a na ɗumama jiki, a fara da masu sauƙi a tara maki, a tsaya a kalli laƙanin waɗanda tsayinsu ya yi daidai da naka, a goge makama da buroshi, a huta sosai tsakanin yunƙuri. Ko a minti 4 na manya, za ka ga gwani ya faɗo ya tsaya yana kallon bango yana kaɗa hannu, agogo na tafiya, bai koma ba sai numfashinsa ya dawo.

Shirin makonnin baya ma haka yake. Jijiyoyin yatsa ba sa ƙarfi da saurin tsoka, shi ya sa sabon shiga da ya matsa wa siraran makamu yake jin ƙas a yatsan zobe, ya zauna watanni. Ana rage nauyin horo a makon gasa, a bar fata ta warke. Ana kwaikwayon gasar da agogo, minti huɗu aiki, hutu, wani sabon ƙulli da ba ka taɓa gani ba. Kuma kowa ya nemi abin da ya fi tsana ya yi ta yi. Mai ƙarfin hannu ya koma bangon da ya kwanta, inda ƙafa da daidaito ke aiki. Mai tsoron sakin bango ya koyi tsalle-cafke, wato ka saki komai ka yi sama ka cafke makama ta gaba, domin masu ƙullin zamani suna son sa ƙwarai. Faɗuwa ma ana koyonta: ƙafa biyu, gwiwa a sake, a mirgina baya, kada a tokare da hannu.

Wanda yake so ya ga duk wannan a jikin mutum ɗaya ya nemi wasan Janja Garnbret 'yar Sloveniya. A 2019 ta cinye dukkan zagaye shida na kofin duniya na ɗafe, ta ɗauki zinare a Tokyo, ta sake ɗauka a Paris. Ku lura da ita kafin ta taɓa bango, ba bayan ta hau ba.

Na gwada kalmomin a kan Yaya jiya da dare, ban yi masa wani bayani ba. Na ce: wata 'yar ɗafe ta warware ƙulli uku, biyu tashi ɗaya, na ukun a yunƙuri na uku, a na huɗu ta tsaya a zangon sama a yunƙuri na biyu, ta tashi da maki 84.7. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya tambaye ni me ya hana ta kai ƙololuwar na huɗun, makamar ce ta yi santsi ko lokaci ne ya ƙare.

Saura bangon da ya rufo kan mutum. Ina tsakanin rumfa da baranda. Malam, ina jiran ta bakinka.