Muhawara: Ko Ingila Ta Yi Daidai Da Ta Ɗora wa Ƙananan Hukumomi Kula da Masu Gudun Cin Zarafi a Gida?

Barista: Assalamu alaikum. A 2021 majalisar Birtaniya ta zartar da dokar cin zarafi a cikin gida, wadda sashenta na huɗu ya wajabta wa manyan ƙananan hukumomin Ingila su binciko bukatun yankunansu, su kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya ƙunshi 'yan sanda da ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji da masu wakiltar waɗanda aka zalunta da 'ya'yansu, sannan su fitar da rubutaccen tsari na tallafa wa masu zama a gidajen mafaka. Ra'ayina shi ne kuskure aka yi da ba a bar ragamar a hannun gwamnatin tsakiya ba, domin an mayar da tsirar mace ta dogara ga hukumar da ta samu kanta a ƙarƙashinta. Hukumar birnin Birmingham, ɗaya daga cikin mafiya girma a cikinsu, ta sanar a Satumbar 2023 cewa kuɗin shigarta ba zai iya ɗaukar hidimominta ba. Ta yaya za a damƙa rayuka a hannun wanda aljihunsa ya huje?

Ma'aikaciyar walwalar jama'a: Wa alaikumus salam, Barista. Ban yarda ba. Kafin wannan doka babu abin da ya tilasta wa kowace hukuma ta tanadi tallafin gidajen mafaka, shi ya sa idan kasafi ya matse ake saurin datse shi. Yanzu ya zama wajibi, kuma gwamnatin tsakiya ta ware fam miliyan 125 a shekarar farko. Ka kuma duba inda makullan suke: gidajen haya na gwamnati, kula da yara, neman gurbin makaranta, duk a hannun ƙananan hukumomi suke. Matar da ta fito da tsakar dare da yara biyu da jakar leda ɗaya, ɗaki take nema da makarantar da za ta karɓi 'ya'yanta ranar Litinin, kuma babu ma'aikatar da ke Landan da za ta iya shirya mata wannan.

Barista: Hajiya, ai wannan matar ita ce hujjata. Mai gudun ranta ba ta tsayawa a unguwar da mijin ya san kowane lungu, ƙetarawa take yi zuwa wata hukumar. Ke nan hukumar da ta gina mafaka baƙi take yi wa hidima, nata matan kuma suna can a wani wuri. Kansilan da ke lissafin ƙuri'a ba zai yi ɗokin kashe kuɗi a kan waɗanda ba za su zaɓe shi ba.

Malamin jinya: Ku gafarce ni, ina ganin kun taƙaita maganar ga gine-gine, alhali yawancin waɗanda ake cin zarafinsu ba sa taka gidan mafaka ko sau ɗaya. Babban aikin haɗin kai yana gudana ne a zaman da ake kira MARAC, wanda aka fara a Cardiff a 2003. Ana cike wa mace takardar auna haɗari mai tambayoyi irin su ko ya taɓa shaƙe ta, ko tana da ciki, ko sun rabu kwanan nan. Idan amsar "e" ta kai 14, ko kuwa ma'aikacin ya ga alamar haɗari ko da ba ta kai ba, sai a kai batunta zaman. A can ɗan sanda zai ce an kira su gidan sau uku, ma'aikaciyar asibiti ta ce ta zo da karaya tana cewa faɗuwa ta yi, jami'in gidaje ya ce maƙwabta sun kawo ƙarar hayaniya. Kowa da guntun labarinsa, sai an haɗa ake ganin girman abin. Matar ba ta halarta, mai ba ta shawara mai zaman kanta ce ke magana da yawunta. Irin wannan zama ba ya yiwuwa sai tsakanin mutanen da suka san titunan garin.

Barista: Malam, ka taimake ni ba ka sani ba. Wajibcin da ke sashe na huɗu ya tsaya ne ga masu zama a mafaka. Masu ba da shawarar nan da ka ambata, da masu bin mata har gida, ba su shiga cikinsa ba, kuma shi kansa MARAC babu dokar da ta kafa shi.

Ma'aikaciyar walwalar jama'a: Wannan giɓi ne na gaskiya, kuma Nicole Jacobs, wadda aka naɗa Kwamishiniyar yaƙi da cin zarafi a gida a 2019, ta sha yin kiran a toshe shi. Amma maganinsa a faɗaɗa wajibcin ne, ba a ƙwace aikin ba. Abin da ya fi damuna ma daga gwamnatin tsakiya ya fito, ita da kake son a miƙa wa ragamar. 'Yan'uwanmu mata da ke zuwa a kan bizar miji galibi an haramta musu tallafin gwamnati, alhali da tallafin haya ake biyan kuɗin ɗakin mafaka. Akwai sassauci na wata uku ga wasu daga cikinsu, amma bai game kowa ba. Sau da yawa ƙaramar hukuma ce ke ɗaukar mai yara a ƙarƙashin sashe na 17 na dokar yara ta 1989, wadda ba ta da ɗa kuwa sai ta dogara ga ƙungiyoyin agaji.

Malamin jinya: To Barista, ga tambaya. Idan aka kashe mace a gidanta, tun daga 2011 kwamitin tsaron al'umma na yankin ne ke shirya bitar yadda hukumomi suka yi da batunta, ya fito da wanda ya ji labari bai isar ba. A tsarin da kake so, wa zai tara likitan unguwa da shugabar makaranta da ɗan sanda a ɗaki ɗaya ya yi musu wannan tambayar?

Barista: Su ci gaba da tara su, ban hana ba. Kuɗin mafaka kaɗai nake so a mayar asusu guda na ƙasa, ya riƙa bin matar duk inda ta sauka. Hajiya, me kike gani zai lalace idan aka yi haka?